Kwana Huɗu a Gaban Jidda

Hadiza, na san na ɓata miki rai ranar da kuka zo da mijinki kuna murna, kika shimfiɗa mini takardar nan mai hotunan jirgin ruwa, kika ce kun shirya kai ni hutu in sha iskar teku. Na ture takardar, na ɗaga murya a gaban 'ya'yanki, abin da ban saba yi ba. Ba da ke nake ba, ko da yake na san a kunnenki duk ɗaya ne. Wannan babin domin ke da 'yan'uwanki na rubuta shi. Kun taso kuna ganin ni da baffanku Garba muna gaisawa kamar baƙin da suka haɗu a mota, an kuma ce muku maganar gado ce. Ba gado ba ne. Kakanku bai bar abin da za a yi faɗa a kansa ba, in ban da tukubar tsire da wuƙaƙe uku. Zan faɗi abin da na sani, inda kuma ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Babanmu, Malam Idi, daga ƙasar Katsina ya taso yana saurayi, da ƙafa, yana tsayawa noman ƙodago a hanya har ya kai bakin teku a Sawakin. Ya haye a cikin jirgin katako, bai kuma taɓa ba mu labarin hayewar ba sai a gutsure. A unguwar Hindawiyya ta Makka ya zauna, a nan ya auri Inna, a nan ya kafa tukubarsa, yana gasa tsiren da Larabawan Makka suke ce wa siriya suna layi a kansa. Bai iya karatu ba in ban da abin salla. Buri ɗaya gare shi a duniya, kuma kowa a unguwar ya san shi: ya mutu a cikin hurumin Makka, a yi masa salla a gaban Ka'aba, a kwantar da shi a maƙabartar Ma'ala. Ba shi kaɗai ba ne. Tsofaffinmu na wancan zamani da yawa haka suke, sun ce ba su yi tafiyar shekaru da ƙafa don ajali ya riske su a bayan gari ba. Saboda haka ba sa ƙetare alamun iyaka. Ko bikin ɗan'uwa ake yi a Jidda, sai su aika da saƙo. Baba ko a Arfa, wadda take wajen hurumi, ba ya samun natsuwa. Yana addu'a yana duban rana, sai an gangaro Muzdalifa za ka ji ya sauke numfashi ya ce, “Alhamdu lillahi, an shigo gida.”

Ni kuwa a shekarar da nake ba ku labari, farkon shekarun hamsin na lissafin Turawa, ban daɗe da dawowa daga Masar da takardar digiri ba. Ni ne na farko a layinmu da ya samu irin wannan, an kuma ɗauke ni aiki a wani ofishin gwamnati. Na dawo na tarar da Baba yana tarin da ba na so. Hayaƙin gawayi na shekara talatin da ɗoriya ya zauna masa a ƙirji, in ya fara tari sai ya dafa bango. Na kai shi wurin likita, likitan ya ƙwanƙwasa bayansa ya ce ya bar wuta, ya kuma ƙara da cewa iskar teku za ta yi masa amfani. Mai yiwuwa a bakin magana kawai ya faɗa, irin abin da likita kan faɗa yana wanke hannu. Ni na riƙe ta kamar fatawa. Dalili kuwa, da zan dawo daga Masar ta jirgin ruwa na biyo, lokacin sanyi, tare da ɗalibai 'yan'uwana, muna zaune a sama muna shan shayi teku tana kwance. Da wannan tafiya guda ɗaya na auna duk jiragen duniya.

A Jidda akwai wani wakilin kamfanin jirage, ba zan kama sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Ofishinsa da fanka a sama. Ya ba ni wata 'yar takarda mai zane, ga kujerun miƙewa a jere, ga wani mutum da farar hula yana miƙa wa fasinja lemo. Ya ce jirginsu yana zagaye, daga Jidda zuwa Bur Sudan, zuwa Suwais, ya dawo Jidda cikin kwana goma, kuma manyan mutane har hutu suke zuwa yi a cikinsa. Ɗaki mai taga, abinci sau uku, likita a kowane lokaci, a sauka a kowace tasha a miƙe ƙafa. Na tambaye shi sau uku ko zai dace da tsoho mai ciwon ƙirji. Ya dafa ƙirjinsa ya ce, “A kaina, ya ustaz.” Har yau in na tuna hannun nan a kan ƙirjin nan sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Bayan la'asar na sami Baba a tsakar gida yana wasa wuƙa, Garba, wanda shi ne babba kuma shi yake taya shi a tukuba, yana yanka nama a gefe.

“Baba, likita ya ce iskar teku.”

“Shi likitan ya taɓa shiga tekun?”

“Ba irin jirgin da kuka hau ba ne. Wannan gida ne guda, har da gado.”

“Usmanu, na haye ta sau ɗaya. Ta bar ni na wuce, ban yi mata alkawarin komawa ba.”

Garba ya ɗago kai, wuƙa a hannu. “Ustazu, tsohon nan tun kafin a haife ka bai wuce iyakar hurumi ta Shumaisi ba. Kai ka dawo jiya da takarda, yau za ka kai shi teku? In iska ake nema a hau soro mana.”

Da na tsaya a nan da ban rubuta wannan babin ba. Amma sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, na ɗauko karatu. Na ce wa Baba ƙin neman magani ba tawakkali ba ne, jiki amana ne, ajali kuma ba ya duba iyakar gari. Na jero masa maganganun malamai da Larabcin littafi, ina fassarawa ɗaya bayan ɗaya. Ban yi ƙarya a cikin abin da na kawo ba, iyakar sanina. Sai dai na san wanda nake faɗa wa. Mutum ne da in malami ya wuce yakan miƙe tsaye ko da nama na ƙonewa, ga shi yau malamin ɗansa ne na cikinsa. Ya ajiye wuƙar.

“To. Kai ne ka karanta. Ni abin da na sani wuta da nama.”

Ranar tafiya Inna ta haɗa masa kaya, ta sa likkafaninsa a ƙasan jaka, wanda ya wanke da ruwan Zamzam ya ajiye tun ina yaro. Ya laluba ya ciro shi ya miƙa mata.

“Mayar da shi, baiwar Allah. Shi ma ɗan Makka ne, ba ya tafiya.”

Muka yi dariya, har da ni.

Jirage a lokacin ba sa iya matsowa gaɓar Jidda saboda duwatsun cikin ruwa, can nesa suke tsayawa, sai a kai mutane a ƙananan jiragen da muke ce wa sambuk. Da muka hau babban jirgin, ma'aikacin da ke raba ɗakuna ya dubi tikitinmu na daraja ta biyu, ya dubi fuskokinmu, ya sake duban tikitin. Ya ce wa na kusa da shi, “Takaruni,” kamar ba ma ji, wato sunan da ake kiranmu da shi mu baƙaƙen da muka fito daga yamma. Ya sa aka gangara da mu matakala biyu zuwa wani ɗaki da ke manne da injin. Babu taga. Bangon ƙarfe in ka dafa sai ka janye hannu, warin mai kuwa har a cikin harshe. Na koma na yi magana da Larabcin Masar, na yi da Ingilishi, na nuna 'yar takarda mai zane. Ya ce ɗakunan sama sun cika. Washegari da idona na ga ƙofofinsu a buɗe, gadaje a gyare, babu kowa. Ba zan rantse cewa launin fatarmu ne kaɗai dalili ba, domin ban shiga zuciyarsa ba, amma na yi shekara arba'in ina neman wani dalilin ban samu ba. Da na dawo ƙasa na tarar da Baba zaune a bakin gado yana fifita da hularsa.

“Usmanu, wannan ce iskar? Ai tukubata ta fi nan sanyi.”

Kujerun miƙewar nan akwai su, ban ce babu ba. Suna can sama bayan wata igiya da aka gitta, da allo mai cewa na daraja ta ɗaya ne. Mu abin da ya rage mana shi ne wani lungu a bayan jirgi inda hayaƙin bututu yake sauka in iska ta juya. Na rabo mutum da hayaƙin gawayi na kawo shi ƙarƙashin hayaƙin jirgi. Abinci sau uku, shi ma akwai, naman gwangwani ne da ba wanda ya iya gaya mini wa ya yanka shi. Baba, mahauci, ya shinshina sau ɗaya ya ture. Kwana goma burodi da shayi ya rayu a kai, shi ma rabinsa teku ta karɓe, domin tun daren farko jiri ya kama shi. Ruwan alwala a ƙayyade, ana buɗe famfo safe da yamma. Abin da ya fi ci masa rai kuwa alƙibla. Mutumin da alƙibla take ƙarshen titinsa, ga shi yana tambayar matuƙa ina gabas ina yamma, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can, kafin ya kai raka'a ta biyu jirgi ya karkata. Na ce masa malamai sun yi sauƙi a kan wannan. Ya ce, “Na ji,” bai kalle ni ba.

Wannan ne abin da hoton jirgi ba ya nunawa, kuma ina so ku riƙe shi. In masauki ya yi maka sharri a tudu, sai ka ɗauki jakarka ka fita. A jirgi babu ƙofar da za ka fita ta cikinta. Wanda ya wulaƙanta ka da safe shi zai miƙo maka abinci da rana, kuma ya san ba ka da inda za ka. A Bur Sudan na ce to, mu sauka mu nemi hanyar komawa. Suka ce takardar tafiyar Baba ta wucin gadi ce, ba ta ba shi damar taka ƙasa ba, abin da wakilin nan ya gani da idonsa a Jidda bai ce uffan ba. Muka wuni a tashar ana loda buhuna da tumaki, ƙura tana shiga har cikin ido. A Suwais ma haka. A nan ne kuma na gane ainihin sana'ar jirgin, domin hajji ya gabato, sai aka fara zubo alhazai. Ba su da laifi, bayin Allah ne masu neman Ɗakinsa, su ma cutarsu aka yi. Aka cusa su a kowane lungu, a kan matakala, a bakin makewayi, har lungunmu na hayaƙi ya zama ba wurin sa ƙafa. Makewayin da aka yi wa mutane kaɗan ya cika ya tumbatsa. Kwana ɗaya da tashi daga Suwais amai da gudawa suka ɓulla a cikin na ƙasa. Har yau ban san sunan ciwon ba, ba wanda ya ga ya kamata a gaya mana. Likitan jirgi, wanda aka ce yana nan kowane lokaci, na buga ƙofarsa sau huɗu. Sau ɗaya ya buɗe, ya miƙo mini ƙwaya biyu ta tsakanin ƙofa bai tambayi sunan mara lafiyan ba.

Baba bai kamu da nasu ba, iyakar abin da na gani. Nasa ƙirji ne, zafi da hayaƙi da yunwa suka taru a kansa, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Amma da jirgi ya yi daidai da miƙati aka busa ƙaho, alhazai suka tashi da talbiya, sai ga shi ya miƙe zaune. Ya ce in ba shi harami, ba zai koma Makka da riga kamar ɗan kasuwa ba, da umara zai shiga. Na ɗaura masa, ni ma na ɗaura. Ranar har ya ci rabin burodi, ya yi wa wani tsoho Bamisire ba'a a kan yadda ya naɗe zanensa. Na ce a raina mun tsira.

Da hantsi muka hango Jidda, fararen gidajenta da duwatsun da ke bayanta. Aka saki anga. Muna jiran sambuk su taso, sai muka ga wani matuƙi yana jan tuta mai ruwan ɗorawa zuwa sama. Karantina ke nan, ba shiga ba fita sai likitan tasha ya yarda. Ban ce hukuma ta yi kuskure ba, jirgi mai ciwo ba a sakinsa cikin gari ana gab da hajji, wannan ko yaro ya sani. Abin da ban yafe ba shi ne abin da ya faru washegari. Wani ƙaramin jirgi mai inji ya zo, aka sauke fasinjojin sama da akwatunansu, matansu suna toshe hanci da hankici in sun wuce ta kusa da mu. Na tare babban ma'aikacin jirgi na tambaye shi. Ya ce suna da shaidar allura. Na ciro tamu daga jaka, tawa da ta Baba, da hatimi da komai. Ya duba ya ce su ba su cuɗanya da na ƙasa ba. Na ce wa ya kai mu ƙasa, ba ku ba? Ya ce in yi haƙuri, ya wuce. Mutanen da suka sha iska kwana goma su ne suka fara taka tudu, mu da aka dafa a gefen injin aka bar mu mu ƙarasa nuna.

Na fito da Baba daga ɗakin nan, alhazai suka matsa suka ba shi wurin kwanciya a gefen ƙarfen jirgi ta wajen da ke kallon gari. Ya ce in tallafe shi ya gani.

“Bayan wancan dutsen ne?”

“Bayansa ne, Baba, da ɗan tafiya.”

“Kusa ke nan.”

A rana ta uku da azahar sambuk ɗin ruwan sha ya zo. Masu aikinsa ba a bari su hau, suna miƙo garewani ta igiya daga ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago kai, ya ƙura wa Baba ido ta tsakanin ƙarafa, sai na ji Hausa, Hausar Sakkwato.

“Kai, wanga ba Malam Idi na ba, mai tsiren Hindawiyya? Subhanallahi, mi ya kawo shi nan?”

Sunansa Tanko, a tashar yake aiki, ya sha cin tsiren Baba in ya je Makka. Na sunkuya na gaya masa a taƙaice. Ya dubi hagu da dama, mai gadin da aka sa wa jirgin yana can gaba yana faɗa da masu rububin ruwa. Ya rage murya.

“Ji nan, ɗan'uwa. In mun ƙare, garewani wofi za su koma. Tsohon ga bai kai nauyin garwa ukku ba. Ka sako mini shi ta igiyag ga, in lulluɓe shi da buhu. Kahin la'asar yana Jidda, gobe war haka yana ɗakinai a Makka. Yi maza, ba mu daɗewa.”

Na juya, sai na ga Baba ya riga ya tattare zanen haraminsa a kafaɗa, yana laluben takalmansa da hannu ɗaya.

Ina so in faɗi abin da ya zo mini a rai daidai yadda ya zo, ba tare da na gyara shi ba. Na farko, na tuna ciwon. Na ce in har akwai shi a jikinsa bai bayyana ba, na kai shi Hindawiyya, ya shiga gidaje, ya shiga alhazai, alhakin wa? Wannan tunani na gaskiya ne, kuma har yau ban iya cewa banza ne ba. Na biyu, na tuna igiyar da tsawon jirgin, na ce in ya suɓuce fa. Na uku kuwa, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, na tuna ofishina. Wata uku ke nan da ɗaukata, Takaruni na farko a wannan teburin, na ga sunana a takardar 'yan sanda, ma'aikacin gwamnati ya karya karantina. Ban san wanne ya fi nauyi a cikin ukun ba. Na sha auna su, kullum amsar tana canjawa.

“Baba, doka ce. Kuma in ciwon nan ne, mu kai shi Makka ana gab da hajji?”

“Ni ba cikina ke ciwo ba, Usmanu. Ƙirji ne, kai ma ka sani.”

“Na sani, amma ban tabbata ba. Gobe ko jibi za su sauke tutar, mu sauka da mutuncinmu.”

“Ba ka tabbata ba.”

Sai ya ajiye takalman a gefe, ya jera su daidai da juna, ya koma ya kwanta. Daga ƙasa Tanko ya ce, “Allah shi kyauta. Karatu ya yi ma yawa, yaro.” Suka ja igiyarsu suka tafi.

Bai sake yi mini maganar ba, bai kuma yi fushi ba, da ma ya yi. In na ba shi ruwa ya sha ya ce Allah ya yi mini albarka. Washegari da hantsi, rana ta huɗu, yana kwance fuskarsa wajen duwatsun, yana talbiya a hankali tana yankewa, har ta yanke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk tsawon tafiyar nan ban ga aikin da kamfanin ya yi da sauri ba sai wannan. Ba a yi sa'a guda ba babban ma'aikacin nan ya zo da takarda da alƙalami. Na roƙe shi, na ce ga gari nan muna gani, a ajiye shi zuwa gobe, suna da ɗakin ƙanƙara inda suke ajiye naman mutanen sama. Ya ce doka ba ta yarda ba, ga zafi, ga jama'a. Na sa hannu. Alhazai suka yi masa wanka da ruwan da kowa ya rage daga rabonsa, suka yi masa salla sahu-sahu a matse, Allah ya saka musu. A cikin zannuwan haraminsa aka naɗe shi. Jirgi ya ɗaga anga ya ja baya zuwa ruwa mai zurfi, aka ɗaura ƙarfe, aka sauke shi, jirgi ya juyo ya dawo inda yake. Tsohon Bamisiren nan ya rungume ni yana kuka, ya ce in yi murna, wanda ya mutu da harami da talbiya zai tashi. Na gode masa. Sai dai ni na karanta, na san malamai sun yi saɓani a kan wannan, na san abin da mazhabarmu ta ce, cewa harami yana ƙarewa da mutuwa, don haka ko wannan sanyin ban iya sha ba.

Washegari da safe likitan tasha ya zo, ya zagaya, aka sauke tuta. A takardar da ya ba ni ya rubuta ciwon ƙirji, ba mai yaɗuwa ba.

Garba yana bakin gaɓa. Ashe kwana huɗun nan a tashar ya yi su, yana kallon jirgin, kuma Tanko ya riga ya same shi. Na fito daga sambuk da jaka biyu, ina cikin harami. Ya dubi bayana, ya dubi jakar.

“Ina Baba?”

Na gaya masa. Bai yi kuka ba a lokacin.

“Tanko ya ce ka ce a'a.”

“Yaya, ka saurare ni, akwai ciwo a jirgin, kuma doka...”

“Yana neman takalminsa, ka ce a'a.”

“Ban tabbata ba ne, Yaya.”

“Ni jahili ne, Ustazu. Da ni ne, da a baya zan goya shi in faɗa ruwan.”

Ya karɓi jakar Baba daga hannuna ya yi gaba. Daga ranar har ya bar duniya bai ƙara kirana da sunana ba, bai kuma taɓa zagina ba. Kun ga gaisuwar da muke yi, ita ce abin da ya rage.

Na rubuta wa kamfanin wasiƙu, da Larabci da Ingilishi, na lissafa ɗakin da aka hana mu, da likitan da ya kulle ƙofa, da mutanen da aka cusa fiye da ƙima. Bayan watanni amsa ta zo, layi uku. Suna baƙin ciki da rashin jin daɗin da na samu, suna fatan sake ganina a jirginsu. Rashin jin daɗi, haka suka kira shi. Na je ofishin wakilin, ya tashi ya yi mini ta'aziyya da hannu biyu, ya ce ajali ne, ya ustaz. Ajali ne, ban musa ba. Amma ajali bai gitta igiya a saman jirgi ba, bai kuma ɗora hannu a ƙirji ya ce a kaina ba. Ina da nawa kason a wannan al'amari, na ɗauka, ba na neman a rage mini. Su kuwa ba su taɓa ɗaukar nasu ba, kuma wannan ne ban iya haɗiyewa ba.

Inna ba ta tambaye ni komai ba duk tsawon takabarta. Ranar da ta fita, ta kira ni ta ce in nemo mota in kai ta Jidda. Ita ma tun zuwanta Makka ba ta taɓa ƙetare iyaka don wata tafiya ba, sai na tsaya ina kallonta.

“Inna, Jidda fa?”

“Na san inda na ce.”

Muka je. Ta tsaya a bakin ruwa da mayafinta, ba ta taɓa ganin tekun ba tun tana yarinya. Jirage uku suna can nesa a tsaye.

“Ina ne?”

“Inna, ban iya cewa daidai ba. Jirgin ya ja baya, ya juya, kuma ruwa duk iri ɗaya ne. Mai yiwuwa ta can, ko kuma...”

“Usmanu, yau ɗaya dai, nuna kawai.”

Na ɗaga hannu na nuna. Ta fuskanci wurin, ta yi masa sallama kamar yadda ake yi a maƙabarta, ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa. Ta gyara mayafinta, ba ta kalle ni ba.

“Shekara talatin muna cewa kusa da juna za a sa mu. To, yanzu ni kaɗai zan kwanta a Ma'ala. Tashi mu koma, kada magariba ta same ni a waje.”